Lasisin Su da Kason Kifi: Iyakar Abin da Kotu Ke Iya Ƙwato Maka

Kifin da ke shiga tukunyar mutanen Zariya ba daga ruwa ɗaya yake fitowa ba. Akwai na ƙanƙara, su titus da shawa da kote, wanda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwan Legas da Fatakwal, manyan motoci su kwaso shi zuwa ɗakunan sanyi na Sabon Gari. Akwai banda da ake kawowa daga Baga da Yawuri da yankin Haɗeja. Ga kuma ɗanye, tarwaɗa da karfasa da kurungu, na kogin Galma da madatsun ruwan da ke kewaye da mu. Kusan kowanne daga cikinsu sai da wani mai iko ya ce ya yarda kafin ya iso kaskon mai suya. Wani ya sa hannu kamfani ya shigo da tan kaza, wani ya ba jirgi lasisi, wani ya buɗe ruwa ko ya rufe shi. To idan mai ikon nan ya hana ka, ko ya ba wani ya tsallake ka, ko ya karɓe abin da ya riga ya ba ka, ina za ka kai kuka? Idan kuma ka kai kotu, me za ta iya yi maka?

Kotu dai ba ta raba kifi. Alƙali ba zai zauna ya ce a ba wane tan dubu, a ba wane ɗari biyar ba, kuma ba zai ce a buɗe dam ranar Laraba maimakon Asabar ba. Aikinsa ya fi kama da na mai duba mudu a kasuwa: ba shi ke sa farashi ba, ba shi ke zaɓa wa mai hatsi abokin ciniki ba, amma yana da ikon ɗaga mudun ya ga ko an buga masa gindi. Wannan ne ya sa wasu ke cin nasara a irin wannan ƙara, wasu kuma da kowa ke ganin sun fi su abin tausayi suke komawa gida hannu rabbana.

Lasisi izinin shiga ruwa ne, kaso kuwa iyakar abin da za ka ɗiba bayan ka shiga. A ƙasashen da ke da babbar sana'ar su a teku, gwamnati kan ƙayyade jimillar abin da za a kama a shekara bisa shawarar masana, sannan ta yanyanka shi ga kamfanoni da jirage. Dalilin a fili yake, kifi yana ƙarewa. A 1992 gwamnatin Kanada ta rufe kamun kifin kod a gabashin ƙasar bayan ya kusa shuɗewa, mutane kusan 30,000 suka wayi gari babu sana'a. An ce rufewar ta shekara biyu ce, sai da ta haura shekara talatin. Mu ma nan ba sai an ba mu labari ba. Wanda ya ga 'yan ƙananan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba an kasa su a tire, ya san da raga mai matsattsen ido aka ja ruwan, wani lokaci ma da gidan sauro. Wanda ya taɓa ganin kifi na yawo a saman ruwa ciki sama, ya san an zuba gubar gamalin. Saboda haka ba na cikin masu cewa gwamnati ta cire hannunta daga ruwa. Sai dai duk inda abu ba ya isar kowa, kuma rabonsa na hannun mutum ɗaya mai biro, dole a sami wanda zai iya tambayarsa yadda ya yi rabon.

A Nijeriya, kafin komai sai an san wa ke da ruwan. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya sa kamun kifi a lamba ta 29, amma ya ware koguna da tafkuna da kududdufai da sauran ruwayen cikin ƙasa. Ke nan teku na Tarayya ne, Galma da Kubanni da dam ɗin Shika kuwa, ta fuskar su, maganar jiha ce. A teku Dokar Kamun Kifi ta 1992 ke aiki. Jirgi mai inji ba ya su sai da lasisi, kuma ƙa'idojinta sun hana manyan jirage masu jan taru shiga mil biyar na farko daga gaɓa, an bar wa masu kwale-kwale. Sashen kula da kifi na Tarayya, wanda ya daɗe a Ma'aikatar Noma, yanzu yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023.

A ruwan cikin ƙasa ne abin ya cakuɗe. Akwai dokar soja ta 1992 kan su a koguna da tafkuna, wadda ta haramta guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma ba kwamishinan jiha ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara. An yi ta ne lokacin da dokar soja ke gaba da komai. Da farar hula suka dawo, sashe na 315 na Kundin ya ce tsohuwar doka tana nan, amma ana ɗaukar ta a matsayin dokar majalisar da ke da hurumin abin a yau. Ga Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, wadda ta ba Tarayya iko da ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, ta kuma yarda mutum ya yi su a cikinsa muddin bai saɓa wata doka ba. Ga hukumar Tarayya ta NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda ta yi shekaru tana shari'a da gwamnatin Legas kan wa ke da ikon ba jirage lasisi da karɓar kuɗi, har Kotun Ƙoli ta ba NIWA gaskiya a watan Janairun 2024. Asalin ƙarar, masu jiragen haya da masu haƙar yashi ne suka shigar da ita, don sun gaji da biya sau biyu a kan ruwa ɗaya. Ka ƙara da hukumar da ta gina dam, da ƙaramar hukuma, da Sarkin Ruwa da aka gada kaka da kakanni. Masunci ɗaya zai iya haɗuwa da mutum uku ko huɗu, kowanne na cewa shi ne mai ruwa.

Wannan cakuɗewar ita ce ƙofa mafi faɗi ta shiga kotu. Jami'in gwamnati ba shi da wani iko sai wanda doka ta rubuta ta ba shi. Lauyan da ya san aikinsa, kafin ya tambayi ko hukuncin ya dace, tambayarsa ita ce wace doka, wane sashe, kuma wa ta ambata. Idan doka ta ce kwamishina, sanarwar shugaban ƙaramar hukuma ba ta wadatar ba. Idan kuɗi ake karɓa, sai a nuna dokar da ta sa shi da adadinsa. Ko babbar majalisa ba ta tsira daga wannan tambaya ba idan akwai dokar da ke samanta. A 1988 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ce jirgi ba zai ci kason kifin ƙasar ba sai kashi 75 cikin ɗari na mallakarsa na hannun 'yan ƙasa, don ta kori Sifaniyawan da suka yi wa jiragensu rajista a can. Kamfanin Factortame da abokansa suka kai ƙara. Kotun Tarayyar Turai ta ce dokar ta saɓa yarjejeniyar da Birtaniya ta sa wa hannu, aka dakatar da ita, daga baya gwamnati ta biya diyyar kusan fam miliyan 55. Shari'ar ta ci fiye da shekara goma, kuma masu ita attajirai ne da za su iya jira.

Bayan hurumi sai sauraro. Sashe na 36 na Kundinmu ya ce ba a yanke wa mutum hukunci kan haƙƙinsa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Mutanen Zariya, garin ɗalibai, sun san wannan ƙa'ida ta shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba. Haka take ga mai lasisi. Wanda aka karɓe wa lasisin da ke hannunsa bisa zargin ya zuba guba, yana da haƙƙin a gaya masa zargin, a nuna masa hujja, a ba shi damar kare kansa. Amma ƙarfin wannan haƙƙi ba ɗaya ba ne ga kowa. Wanda aka soke wa ya fi wanda aka ƙi sabunta wa ƙarfi, shi kuma ya fi sabon mai nema. Idan kuwa doka ce ta bai-ɗaya, aka ce kowa ya fita daga ruwa wata uku don kifi ya yi ƙwai, kotuna ba su cika cewa sai an kira kowane masunci an ji ta bakinsa ba.

Jami'ai kan fake da cewa doka ta bar wa minista ya yi yadda ya ga dama. Kotun Ƙolinmu ta amsa wannan tun 1986 a shari'ar Stitch, wata mata da ta shigo da mota ma'aikata ta riƙe mata lasisin shigo da kaya. Kotu ta ce ikon zaɓin da doka ta ba minista ba lasisin son rai ba ne, dole a yi amfani da shi da gaskiya kuma don manufar da aka ba da shi. Mota ce a can, amma ƙa'idar ta hau kan kifi daidai wa daida.

Inda aka fi shan wahala shi ne a ce wa alƙali hukuncin kansa ne bai yi hankali ba. A nan ya kamata mu tsaya a kan Afirka ta Kudu, don ta sha shari'ar kason kifi. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, an tarar da kason kifin teku kusan duka a hannun 'yan tsirarun tsofaffin kamfanonin farar fata. Dokar albarkatun teku ta 1998 ta ce a gyara wannan. Wani matsakaicin kamfani na baƙaƙen fata, Bato Star, ya nemi tan 12,000 na kifin hek, dangin panla, aka ba shi tan 856. Ya ce an ci amanar dokar, an bar manya da kasonsu an jefa wa sababbin shiga ragowa. Maganar ta kai Kotun Tsarin Mulki, kuma a watan Maris na 2004 Mai Shari'a Kate O'Regan ta rubuta hukuncin da ya kayar da kamfanin. Kotu ta yarda cewa gyaran tarihi wajibi ne a kan minista. Amma ta ce dokar ta ɗora masa wasu wajiban ma, kare kifin daga ƙarewa da tsare ayyukan mutanen da ke cikin masana'antar, kuma auna waɗannan da juna aikin wanda doka ta ba ne. Muddin abin da ya yanke yana cikin abin da mai hankali zai iya yankewa, alƙali ba zai sa nasa ra'ayin a madadinsa ba.

Wani zai ce shari'a saɓanin hankali. Zuciyata tana tare da Bato Star, amma ina ganin kotun ta yi daidai. Alƙali bai san yawan kifin da ke ƙarƙashin ruwa ba, kuma duk tan ɗin da ya ƙara wa wanda ke gabansa, daga bakin wani da ba ya cikin kotun ya ciro shi. Wannan kamun kai na alƙalai wani lokaci talaka yake yi wa rana. A 2013 manyan masu jirage a Ingila sun kai gwamnati ƙara don ta ɗebi kason da ba sa amfani da shi ta ba ƙananan jiragen da ba su wuce mita 10 ba. Suka ce dukiyarsu ce aka taɓa. Babbar Kotu ta ce babu wanda ya mallaki kifin da ke cikin teku, ta bar rabon yadda gwamnati ta yi shi. Kuma ba masu neman ƙari kaɗai ke zuwa kotu ba. A 2018 ƙungiyar kare muhalli ta WWF ta kai gwamnatin Afirka ta Kudu ƙara saboda ta ƙayyade tan 1,924 na wani babban jatan lande da ake kira lobsta, adadin da ya zarce shawarar masanan ma'aikatar nesa ba kusa ba. Kotu ta ce hukuncin haramtacce ne. Jami'i yana iya saɓa wa masana, amma sai ya kawo dalilin da zai tsaya da ƙafarsa.

Kason da ya fi taɓa aljihun mutumin Zariya shi ne na shigo da kifi. Alƙaluman da hukumomi ke yawan ambata sun ce ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai kai miliyan 1.5 ba. A 2014, Akinwumi Adesina yana Ministan Noma, gwamnati ta fara ba masu shigo da kifi kaso da niyyar rage shigowar da kashi 25 cikin ɗari a shekara, don kiwo a gida ya bunƙasa. A 2015 Babban Banki ya sa kifi cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati, sai a Oktoban 2023 aka ɗage. Ka tsaya kusa da mai sayar da kifi da safe ka ga yadda waɗannan hukunce-hukunce ke sauka a kanta. Za ta yage kwalin, ta ɓamɓare kifin daga ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, don yawan da ta samu a kwalin shi zai nuna mata ko gida uku za ta yanka kowanne ko huɗu. Kuɗin kwali ya hau, mai saye kuma da kuɗinsa na jiya ya zo, sai gunduwa ta ƙanƙance. Ba ta san sunan kamfanin da aka ba kaso ba, balle ma'aunin da aka bi aka ba shi, kuma ba ita za ta je Babbar Kotun Tarayya ba. Masu zuwa su ne kamfanonin da aka hana, su kuma nasu suke nema.

Abin da ke faruwa idan aka bar irin wannan rabo a duhu, Namibiya ta nuna shi, kuma a kan kote ne, kifin da muke ci. A 2014 kamfanin kamun kifi na Namsov ya kai ministan kifi ƙara kan yadda yake ba kamfanin gwamnati, Fishcor, kason kote, kotu ta ce ya wuce ikonsa. A shekarar da ta biyo sai aka gyara dokar aka ba ministan ikon da kotu ta ce ba shi da shi. A 2019 takardu suka fallasa, aka zargi kamfanin Samherji na ƙasar Aisilan da ba da cin hanci don samun wannan kason, ministoci biyu, Bernhard Esau da Sacky Shanghala, suka sauka daga muƙamansu aka kama su. Kotu ta ga ɓarakar shekara biyar kafin duniya ta gani, amma majalisa ta toshe bakin hukuncin.

Sai maganar da ta fi kusa da masuntanmu, wato gado. Tun kafin a san lasisi akwai tsarin ruwa a ƙasar Hausa. Sarkin Ruwa ke cewa yau a shiga, yau a fita, wannan gurbi na gidan wane ne. Bikin Argungu da aka fara a 1934 a kan wannan tsari yake tsaye, don Matan Fada, ruwan da ake yin bikin a cikinsa, a rufe take sai ranar da aka ba da izini. A tafkin Kainji, aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na shekarun 1990 bai iya shigar da lasisi da hana jan babban taru ba sai da ya bi ta hannun sarakunan ruwa. To idan takardar gwamnati ta ci karo da wannan gado fa? A Afirka ta Kudu an kama wasu masunta na ƙauyen Hobeni a 2010 suna su a yankin Dwesa-Cwebe da gwamnati ta killace. Suka ce kakanninsu a nan suke su, bisa al'adar da ke da nata ƙa'idojin. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ƙoli ta wanke su, ta ce haƙƙin al'ada doka ne, kuma dokar kifi ba ta fito fili ta soke shi ba. Kafin nan, a 2007, ƙananan masunta sun sami umarnin kotu da ya tilasta wa gwamnati ta yi musu tsari nasu, abin da ya haifar da manufar ƙananan masunta ta 2012. Hukuncin wata ƙasa ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, sai dai lauya ya kawo shi don jan hankali. A nan kuma al'ada sai an tabbatar da ita da shaidu, kuma ba ta tsayawa idan ta yi karo da rubutacciyar doka. Duk da haka hanya ce da ke buɗe, kuma shaidunta su ne dattawan da suka san gurabun ruwa da sunayensu, waɗanda kullum raguwa suke yi.

A ɗauka yau da hantsi mota ta tsaya a bakin dam. Mutum uku suka sauko suka ce an rufe ruwa, suka fara tattara kalli da birgi da aka shanya, har da gorar da mutum ke hawa.

"Ranka ya daɗe, ai mun biya na bana," in ji dattijon cikinsu. Ya cire hula ya zaro leda, ya warware wata takarda da ta sha naɗi har ta fara rabewa. Adadin kuɗi ne da sa hannu, ruwa ya cinye rabin tawadar. Babu hatimi, babu sunan ofis, babu ranar da za ta ƙare.

"Baba, umarni ne daga sama."

Daga nan agogo ya fara tafiya, shi kuwa bai sani ba. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ce ƙarar da za a kai jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki, a shigar da ita cikin wata uku. Ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya ma wata uku suka ba mai neman a sake duba hukuncin hukuma, kuma sai ya fara neman izinin alƙali. Dattijon nan zai yi abin da tarbiyyarsa ta koya masa. Zai je wurin Sarkin Ruwa, su ɗunguma wurin dagaci, a kai ga hakimi, a nemi kansila. Za a ce a yi haƙuri ana dubawa. Kafin wani ya ce a ga lauya an shiga wata na huɗu, lauyan gwamnati kuma ba zai ma taɓa maganar raga ba, zai ce lokaci ya wuce. Akwai togaciya, kamar cutarwar da ke ci gaba ko jami'in da ya yi aiki da mugun nufi, amma kafa su wata shari'ar ce mai zaman kanta. Wannan wa'adi, a ganina, ya fi kowane sashe na dokar kifi cutar da ƙaramin masunci, don yana hukunta mutum ne saboda ya bi ta hannun manya.

Ko ya zo a kan lokaci, sai ya dace da kotu. Hukuncin jami'in jiha Babbar Kotun Jiha ake kai shi, kuma tana zama a nan Zariya. Na hukumar Tarayya kuwa, sashe na 251 ya kai shi Babbar Kotun Tarayya, sai an tafi Kaduna. A ruwan da mutum huɗu ke iƙirarinsa, kuskuren ƙofa abu ne mai sauƙi, kuma ana iya shekara biyu kafin a ce maka kotun ba ta da hurumi. Sannan ga tambayar wa ya isa ya kai ƙara. Tun shari'ar Sanata Abraham Adesanya ta 1981 kotunanmu suka riƙa korar wanda bai nuna abin ya taɓa shi shi kansa ba. An sami sassauci a 2018, da Kotun Ƙoli ta yarda wata ƙungiya mai zaman kanta ta kai NNPC ƙara kan malalar mai a rafukan wata al'umma a Jihar Abiya. Wannan ya buɗe wa ƙungiyoyi hanya a kan abin da ya shafi ruwa da muhalli. Idan kuma an ce dalilin tsaro ne, kamar hana safarar kifi da sojoji suka yi a yankin Tafkin Chadi saboda Boko Haram, alƙalai sun fi kowane lokaci ja da baya, ko da dubban gidaje ne suka rasa abinci.

Wanda ya ci nasara ma, yawanci abin da zai samu shi ne a soke hukuncin a mayar wa jami'in ya sake, kuma yana iya sake yanke irinsa, wannan karon da takardu a kammale. Idan an ba shi diyya, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni Janar, wato lauyan wanda aka kayar.

Duk da haka ban ɗauki kotu a matsayin aikin banza ba. Jami'in da ya san za a iya tambayarsa a gaban alƙali yakan rubuta dalilinsa, wanda ya rubuta dalili kuwa ya rage wa kansa wurin ɓoye son rai. Abin da ke raba Bato Star da dattijon bakin dam shi ne kamfanin yana da takardar nema, da takardar amsa, da ma'aunin da aka buga kowa ya gani, don haka akwai abin da alƙali zai duba. Masuntan Galma da masu sayar da kifi na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru suna buƙatar ƙungiya mai rajista wadda za ta iya kai ƙara da sunanta, ta ajiye rasit mai hatimi, ta rubuta ranar da aka yi kowane abu. Zuwa wurin hakimi ba laifi ba ne, amma a ranar da aka je a ranar ya kamata takardar koke ta shiga ofis a buga mata hatimin karɓa. Garin da ke da Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a harabar Kongo da cibiyar NAERLS mai wayar da kan manoma a Samaru bai kamata a ce masuncinsa ya rasa wanda zai rubuta masa shafi ɗaya ba. Majalisar Dokokin Jiha kuma, tunda ruwan cikin ƙasa nata ne, ita ke da ikon ta fayyace wa ke ba da lasisi, nawa ne, da inda wanda aka hana zai kai kuka kafin kotu.

A ɓangaren Tarayya, abin nema shi ne a riƙa buga sunayen waɗanda aka ba lasisi da kaso da ma'aunin da aka bi. Senigal ta buga jerin jiragen da ta ba izinin su a ruwanta a watan Mayun 2024. Mu kuma muna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyar masunta za ta iya neman kwafin umarnin da aka rufe ruwa da shi da sashen dokar da aka dogara da shi. Hukuma na da kwana 7 ta amsa. Idan ta ƙi ko ta yi shiru, mai nema na da kwana 30 ya kai maganar gaban alƙali, kuma duka wannan yana iya kammaluwa kafin wata ukun nan su cika.